Daga masana'anta zuwa mangazar Maraɗi: yadda kwamfuta ke bin sawun kaya

Duk babur, buhun shinkafa ko kwalin magani da ya shigo Nijar daga ƙetaren teku, tafiya biyu yake yi. Ta farko tafiyar kayan ce, cikin jirgin ruwa da bayan kamiyo. Ta biyu kuwa tafiyar labarinsu ce: wa ya aiko, wa zai karɓa, mene ne a ciki, nawa ne nauyinsa, an biya duwan ko ba a biya ba. Shekaru aru-aru wannan labari a kan takarda yake tafiya, cikin jakar direba ko ta ɗan taranzit, kuma sau da yawa kaya kan iso su tarar takardunsu na baya, sai su zauna jira.

Abin da ake kira tsarin dijital, ko nimerik a bakin masu Faransanci, a fannin masana'antu da sufuri wannan tafiya ta biyu ya fi shafa. Manufarsa ita ce labari ya riga kaya isa, kuma duk wanda abin ya shafa, daga mai masana'anta zuwa jami'in duwan da ɗan kasuwa, ya ga bayani iri ɗaya a lokaci ɗaya.

Ga ƙasar da ba ta da gaɓar teku, maganar ta wuce ta ado. Tsakanin Yamai da tashar ruwa ta Kwatano ko ta Lome akwai fiye da kilomita 1,000, kuma daga Yamai zuwa Maraɗi a ƙara wasu fiye da 600. Kowace rana da kwantena ta yi tana jira, akwai mai lissafa ta: tashar ruwa na cajin kuɗin ajiya, kamfanin jirgi na cajin tarar jinkirin maido da kwantenarsa, banki na ƙirga ruwan bashi, direba da yaron mota na cin guzuri. Duk wannan a kan farashi yake sauka, mai saye a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram shi ke biya ba tare da ya sani ba.

Cikin masana'anta

Tun kafin kwamfuta ta yawaita, masu masana'antu sun gane cewa bayani kuɗi ne. A shekarun 1950, wani injiniyan kamfanin Toyota mai suna Taiichi Ohno ya shimfiɗa tsarin da Japanawa ke kira kanban. Kowane akwatin kayan haɗa mota yana da ɗan kati. Idan akwatin ya ƙare, katin ya koma wajen masu ƙera kayan, shi ne umarnin a ƙera wani. Ta haka ba a tara kaya a sito suna cin jari, kuma layin haɗa mota ba ya tsayawa don rashin wani ƙarfe.

Kwamfuta wannan katin ta gada. A ranar 26 ga Yunin 1974 aka fara sayar da kaya ta hanyar karanta lambar nan mai zanen layuka baƙi da fari, a wani kanti na garin Troy da ke jihar Ohio ta Amurka, kuma kayan farko fakitin cingam ne. A 1994 kamfanin Denso Wave, na dangin Toyota, ya ƙirƙiro lambar QR, mai murabba'i, wadda yau muke gani a jikin faktir da takardun hukuma. Asalinta don bin sawun kayan haɗa mota aka yi ta, saboda tana ɗaukar bayani fiye da lambar layuka.

A masana'antar zamani, ana iya kasa aikin kwamfuta gida uku. Na farko shi ne babban littafin kamfani, wato manhaja guda da ta haɗa odar masu saye, kayan da ke sito, albashi da lissafin kuɗi. Kamfanin SAP na Jamus, wanda aka kafa a 1972, na cikin waɗanda suka shahara da irinta. Idan wani dila ya yi odar babur 500, manhajar ce ke duba tayoyi nawa suka rage, ta lissafa ranar da za su ƙare, ta shirya takardar oda zuwa ga mai kawo taya.

Gida na biyu shi ne ƴan ƙananan na'urorin awo da ake liƙa wa injuna. Suna auna zafi, girgiza, matsin iska ko na ruwa, suna aika wa ɗakin sa ido kowane daƙiƙa. A masana'antar siminti irin ta Malbaza, dole ne abin da ke cikin murhu ya kai zafin kusan digiri 1,450 kafin ya zama dunƙulen da ake niƙawa a samu siminti. Idan zafin ya gaza, simintin ba ya da ƙarfi. Idan ya zarce, an ƙona makamashi a banza kuma an ci bangon murhu. Haka matatar mai, irin SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana: ba ido ko hannun mutum ke iya riƙe irin wannan awo dare da rana ba. Bututun da ke kai ɗanyen man Agadem zuwa gaɓar Seme ta Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, shi ma da irin waɗannan na'urori ake gane inda matsi ya faɗi, alamar yoyo ko ɓarna.

Gida na uku shi ne amfani da bayanan da aka tara don hango matsala. Injin da ke shirin lalacewa yakan canza girgiza ko zafi kwanaki kafin ya tsaya. Tsohon makaniki da kunne yake gane haka. Manhaja kuwa tana kwatanta awon yau da na watannin baya, ta ce a canza wannan ƙarfe ranar hutu, kafin ya karye ana tsakiyar aiki. Ga masana'antar da ke Nijar, inda kayan gyara kan ɗauki makonni kafin su iso daga waje, sanin haka da wuri na iya zama bambanci tsakanin tsayawar kwana ɗaya da ta wata guda.

Haɗuwar waɗannan uku ce Jamusawa suka raɗa wa suna “masana'antu 4.0” a baje kolin Hanoba na 2011. Lissafinsu shi ne: juyi na farko injin tururi, na biyu wutar lantarki, na uku kwamfuta, na huɗu kuma injuna masu musayar bayani tsakaninsu ta intanet.

Kwantena mai lamba, jirgi mai shela

Da kaya sun bar masana'anta, sai su shiga kwantena. Ita ma ba tsohuwa ba ce sosai. A watan Afrilun 1956 wani Ba'amurke mai kamfanin manyan motoci, Malcom McLean, ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a jirgi daga Newark zuwa Houston, daga nan dako ya canza a duniya. Kowace kwantena a yau tana da lambarta da babu mai irinta: haruffa 4 da alƙaluma 7. Haruffa 3 na farko na nuna mai ita, alƙalamin ƙarshe kuma na tantancewa ne, wanda kwamfuta ke lissafawa daga sauran don ta kama kuskure idan an rubuta lambar ba daidai ba.

Wannan lamba ita ce mabuɗin komai. Ɗan kasuwa a Tawa da ke da ita zai iya shiga shafin kamfanin jirgi da salularsa, ya ga ranar da aka ɗora kwantenarsa, tashar da aka sauya mata jirgi da ranar da ake sa ran saukarta. Jirgin ma kansa ba ya ɓuya. Tun ƙarshen 2004, dokar ƙasa da ƙasa ta wajabta wa manyan jiragen da ke ƙetare teku ɗaukar na'urar AIS, wadda ke shelar sunan jirgi, inda yake, gudunsa da inda ya dosa. An yi ta ne don hana karo, amma yanzu akwai shafukan intanet da kowa zai iya ganin jiragen a kan taswira.

A tashar ruwa, manhaja ce ke tsara inda za a ajiye kowace kwantena cikin dubbai, don kada wadda za a ɗauka gobe ta kasance ƙarƙashin huɗu da za su yi mako. Kuma tun 1 ga Janairun 2024, hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wajabta wa ƙasashe samar da ƙofa guda ta intanet, inda jirgi zai ba da bayanansa sau ɗaya maimakon ya cike takarda daban ga kowane ofishi.

Akwai dai takarda guda da ta ƙi mutuwa: takardar shaidar ɗora kaya, wadda ƴan taranzit ke kira BL. Wanda ke riƙe da ta asali shi ke da ikon karɓar kaya, saboda haka har yanzu akasarinsu ta jirgin sama ake aiko su cikin ambulan, bayan sun bi ta banki. Idan ta makara, kwantena na tasha tana cin tara. A watan Fabrairun 2023 manyan kamfanonin jiragen kwantena 9, ciki har da MSC, Maersk da CMA CGM, sun yi alƙawarin mayar da ita ta kwamfuta gaba ɗaya kafin ƙarshen 2030. Abin da ke jan ƙafa shi ne doka: sai kotuna da bankunan kowace ƙasa sun yarda cewa rubutun cikin kwamfuta na da ƙarfin takarda mai hatimi.

Ofishin duwan

Nan ne ɗan kasuwar Nijar ya fi haɗuwa da wannan sauyi ido da ido. Manhajar da duwan ke aiki da ita, SYDONIA, tana da asali a yankinmu. A 1981 ƙungiyar CEDEAO ta nemi hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka mata wajen tattara alƙaluman cinikin ƙasashenta. Masanan suka ga cewa alƙaluma ba za su yi kyau ba sai an gyara inda ake samo su, wato ofishin duwan. Daga nan aka haifi manhajar, wadda yanzu ƙasashe da yankuna kusan 100 ke amfani da ita. Nijar na aiki da sabon zubinta mai suna SYDONIA World, wanda ke bin intanet.

Ga yadda abin ke gudana. Kamfanin sufuri ya shigar da jerin kayan da ya ɗauko. Ɗan taranzit, daga ofishinsa, ya shigar da sanarwar kayan: irinsu, ƙasar da suka fito, ƙimarsu da lambarsu a kundin haraji. Manhajar ta lissafa abin da za a biya, sannan ta tura sanarwar ɗaya daga cikin layuka. Kore na nufin a saki kaya. Rawaya na nufin a duba takardu. Ja na nufin a buɗe kaya a gani. Shuɗi kuma a saki yanzu, a yi bincike daga baya. Zaɓen layin ya dogara da irin kayan, inda suka fito da tarihin mai su. Hikimar ita ce jami'ai su tattara ƙarfinsu kan kayan da ake shakka, mai gaskiya ya wuce da sauri, kuma kowane mataki ya bar sawu: wane jami'i ya taɓa fayil, da ƙarfe nawa.

Kayan da ke ratsa wata ƙasa kafin su iso na da tasu matsalar. Tun yarjejeniyar TRIE ta 1982 ake son takarda guda ta raka kaya daga tashar ruwa har inda za su, amma a aikace kowace iyaka sai an sake rubuta sanarwa, kuma wasu kayan da aka ce na Nijar ne kan ɓace a hanya, a sayar da su ba a biya haraji ko'ina ba. Tsarin SIGMAT, wanda aka ƙaddamar a 2019, ya zo ne don ya haɗa kwamfutocin duwan na ƙasashe maƙwabta, kuma Nijar na cikin waɗanda suka shiga. Da an rubuta sanarwar ratse a tashar ruwa, ofishin iyaka da na inda kayan za su sauka suna ganin ta tun mota ba ta tashi ba. A wasu hanyoyin kuma ana liƙa wa motar na'urar GPS, wadda direbobi ke kira baliz, don a ga in ta kauce hanya ko ta yi tsayuwar da ba ta da dalili.

A ƙara da takardar bin sawun kaya ta hukumar CNUT, da ƙofar bai-ɗaya ta cinikin waje, GUCE, inda ake neman izinin shigo da kaya ko fitar da su a wuri guda, da kuma faktir mai shaidar ofishin haraji da ke ɗauke da lambar QR. Nijar ta ɗau alƙawarin irin waɗannan gyare-gyare tun 2015, lokacin da ta amince da yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta ƙungiyar OMC, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2017.

Inda kwamfuta ba ta da iko

Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki da Nijar. Ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a Malanbil, gaban gadar da ke shiga Gaya, hanyar da akasarin kayan Nijar na teku ke bi a lokacin. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma hukumomin Yamai suka bar nasu ɓangaren iyakar Benin a rufe bisa dalilan tsaro. Kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja. Mai kaya na iya ganin motarsa a allon salula tana tsaye wuri guda kwana da kwanaki tana jiran ayari ya cika. Ganin nata yana taimaka masa ya sanar da abokan ciniki, ya shirya da banki, amma ba ya motsa ta taku ɗaya.

Abu na biyu, manhaja abin da aka ba ta take ci. Idan an rubuta taliya a madadin atamfa, ko aka rage ƙimar kaya da rabi, lissafin zai fito tsaf a kan ƙarya. Shi ya sa haɗa kwamfutocin ƙasashe ke da muhimmanci, domin ƙarya na wuyar tsayawa idan abin da aka faɗa a tashar ruwa ya saɓa da abin da aka faɗa a Yamai.

Na uku, cin hanci kan sauya mazauni. A Legas, hukumar tashoshin ruwan Najeriya ta kawo manhajar Eto a Fabrairun 2021 don rage cunkoson manyan motoci a Apapa: mota ba ta tunkarar tasha sai ta samu kira ta manhaja. Layin ya ragu, amma ba a jima ba masu motoci suka fara kokawa cewa ana cinikin tikitin shiga a bayan fage. Darasin shi ne duk inda aka bar wa mutum guda ikon danna maɓalli ba mai duba shi, tsohuwar ɗabi'a za ta same shi a can.

Na huɗu shi ne yarda. A 2018 Maersk da IBM suka buɗe dandalin TradeLens da nufin tara bayanan sufurin duniya wuri ɗaya. Fasahar ta yi aiki, amma kamfanoni da yawa ba su saki jiki su zuba sirrin cinikinsu a dandalin da abokin hamayya ke da hannu ciki ba. A ƙarshen 2022 aka sanar da rufe shi.

Ranar da allo ya mutu

Duk wanda ya jingina aikinsa ga kwamfuta ya ɗauki sabon haɗari. A ranar 27 ga Yunin 2017, wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya, wadda ta faro daga Yukiren, ta shiga kwamfutocin Maersk. Jirage na tafiya lafiya a teku, ƙugiyoyin ɗaga kaya na nan ƙalau, amma a tashoshi da dama ba wanda ya san abin da ke cikin wace kwantena ko wace mota za ta ɗauke ta. Sai da kamfanin ya sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci 45,000 da manyan na'urorin ajiyar bayanai 4,000 cikin kwana 10, ya kuma yi asarar dalar Amurka miliyan 250 zuwa 300. Mujallar Wired ta ba da labarin cewa kwafi guda na wani muhimmin kundin kamfanin da ya tsira a ofishinsa na Gana aka same shi, domin ɗaukewar wuta ta raba na'urar da intanet kafin cutar ta iso.

A Yulin 2021 masu kutse sun gurgunta kamfanin Transnet na Afirka ta Kudu, har aka koma rubutun hannu a tashar Durban. Toyota kuwa, uban tsarin rashin tara kaya, ya rufe masana'antunsa 14 na Japan a ranar 1 ga Maris 2022, saboda an kai hari kan kwamfutocin wani kamfani guda da ke kawo masa kayan roba. A Agustan 2023 ya sake tsayawa, wannan karon ba ɓarawo ba maƙiyi: wurin ajiyar bayanai ne ya cika ana cikin gyaran manhaja.

A Nijar, kafin a kai ga masu kutse akwai wuta da rezo. Kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki, kuma kafin Najeriya ta yanke layinta a Agustan 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma, wayoyin intanet 4 na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wayi gari rezo na rarrafe. Ofishin iyaka da aka hana shi karɓar takarda, aka kuma bar shi babu hasken rana, batir da layin intanet na biyu, ya fi na da jinkiri duk ranar da rezo ya ɗauke. Don haka kowane tsari na buƙatar rubutacciyar ƙa'idar abin da za a yi in allo ya mutu, da kwafin bayanai da ke ajiye a wani wuri daban.

Ayyukan yi fa?

Tsoron da aka fi ji shi ne injin zai kori mutum. A ƙasashe masu manyan masana'antu akwai dalilin wannan tsoro: injuna masu aiki da kansu a masana'antun duniya sun haura miliyan 4 a 2023, kuma kusan rabin sababbin da ake kafawa kowace shekara a Sin ne. A nan gida lissafin daban ne. Irin waɗannan injuna na da tsada, suna son wuta marar yankewa da masu gyara na kusa, alhali ladan ɗan dako bai kai ya sa mai mangaza ya sayo su ba. Aikin da ya fi fuskantar barazana shi ne na kai takarda daga tebur zuwa tebur, da na mai cin abinci da sanin wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa. Wanda ake nema kuma shi ne magatakardan sito da ya iya kwamfuta, ɗan taranzit da ya san kundin haraji, da mai gyaran na'urorin awo. Nan ne makarantun koyon sana'a da jami'o'in Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso ke da rawar takawa.

Akwai kuma maganar harshe. Duk waɗannan manhajoji da Faransanci ko Ingilishi suke, alhali manyan ƴan kasuwa da direbobi da yawa da Hausa, Zabarmanci ko ajami suke lissafinsu. Alhajin da ke juya miliyoyin sefa amma bai iya karanta abin da aka shigar da sunansa ba, ya dogara kacokan ga mai riƙe masa lambar sirri. Idan an yi ƙarya a sanarwar, sunansa ne a kai. Mutanen nan ba baƙin fasaha ba ne: da saƙon murya na WhatsApp suke cinikin albasa da Accra da Abijan, ta Nita, Amana ko Al Izza suke aika kuɗi. Abin da ya rage shi ne a kawo musu bayanin hukuma ta hanyar da suka saba, misali saƙo a salula da harshen gida mai faɗin adadin da duwan ta caje da matakin da fayil ya kai.

Abin da ƙaramin kamfani zai iya farawa da shi

Mai matsar man gyaɗa, mai injin casar shinkafa ko mai kamiyo 3 ba ya buƙatar manhajar miliyoyi. Matakin farko shi ne kowane kaya da kowace mota su samu suna ko lamba guda da kowa a gidan ke amfani da ita. Na biyu, a rubuta shiga da fita a lokacin da suka faru, ko da a salula ne, maimakon a bari sai dare a cike daga ka. Na uku, a riƙa ƙirga abin da ke sito ana kwatantawa da abin da ke rubuce. Na huɗu, maigida ya riƙe lambobin sirrinsa da kansa, ya nemi kwafin kowace sanarwar duwan da aka yi da sunansa. Wanda ya ɗora manhaja kan sito marar tsari, rikicinsa kawai ya mayar cikin kwamfuta.

Masu fitar da kaya na da ƙarin dalili. Masu sayen riɗi, aya ko ƙaro a Turai da Asiya na ƙara neman sanin gonar da kaya suka fito da irin maganin da aka fesa musu. Albasar Galmi da kilishin Nijar sun samu rajistar sunan asali a ƙungiyar OAPI, amma rajistar ba ta hana wani ya cika buhu da wata albasa ya kira ta Galmi, sai in akwai lambar da ke bin buhun daga ƙungiyar manoma har kasuwa. Yankin ciniki maras shinge na Afirka, ZLECAf, wanda aka ƙaddamar da matakin fara aikinsa a Yamai ranar 7 ga Yulin 2019, shi ma rangwamen harajinsa na kan wanda ya iya tabbatar da asalin kayansa ne.

Da me za a auna?

Idan hukuma ta sanar da sabon tsari na kwamfuta, akwai tambayoyin da ƴan kasuwa, ƙungiyoyin masu sufuri da ƴan jarida ya kamata su yi. Kwana nawa kwantena ke yi daga saukarta a tashar ruwa zuwa fitarta daga duwan a Yamai ko Maraɗi, kafin tsarin da bayansa? Takardu nawa aka soke, ko kuwa an ƙara kwamfuta ne a kan takardun da ake da su? Nawa ake biya don sabon tsarin, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga? A wace ƙasa bayanan ke ajiye, wa ke da ikon ganin su? Amsoshin na cikin manhajojin kansu, tunda suna rubuta ranar da sa'ar kowane mataki. Buga waɗannan alƙaluma a kai a kai, ofishi bayan ofishi, ba ya buƙatar sabon jari.

Tambayoyin za su ƙara nauyi idan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ya fara aiki. Jirgin ƙasa guda na ɗaukar kayan manyan motoci da dama, kuma duka a sa'a ɗaya suke isowa iyaka. Idan kafin ranar kwamfutocin duwan na ƙasashen biyu ba su iya karanta sanarwar juna ba, layin da direbobi ke yi yau tsakanin Jibiya da Ɗan Isa zai koma kan dogo ne kawai.